Wata 18 bayan tiyatar ƙwaƙwalwa: yadda wani mai cutar Parkinson ya farfaɗo

Mafarin ciwon

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan kasuwa ne a Kano, mai sayar da yadi, yana da iyali da 'ya'ya manya. Alhaji kawai za mu riƙa ce masa, kamar yadda mutanen gidansa ke kiransa. Yana da shekara 49 babban yatsansa na dama ya fara rawa idan yana zaune ba ya komai. Da ya miƙa hannun zai ɗauki abu sai rawar ta lafa. Tun kafin nan ya daina jin ƙamshin turare sosai, bayan gida kuma yana yi masa wuya, amma babu wanda ya kawo cewa waɗannan suna da alaƙa da hannun.

Aka fara da abin da aka saba farawa da shi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa ne daga abokan hamayya a kasuwa, aka sha rubutu aka yi hayaƙi. A wani asibiti aka ga jininsa ya ɗan hau, aka ce alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Sai bayan shekara biyu ya isa gaban likitan jijiyoyi, wanda ya sa shi ya yi tafiya a baranda, ya lura hannun dama ba ya lilo, ya kuma duba littafin bashi na shago ya ga rubutun yana ƙanƙancewa daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Ya ce masa cutar Parkinson ce.

Sunan na wani likitan Ingila ne, James Parkinson, wanda ya bayyana ta a 1817. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can cikin ƙwaƙwalwa suna mutuwa sannu a hankali. Idan sinadarin ya yi ƙaranci sai motsi ya yi nawa, gaɓoɓi su sanƙare, hannu ya kama karkarwa.

Shekarun magani

An fara ba shi benzhexol saboda arha, sai ya busar masa da baki ya kawo masa mantuwa. Aka mayar da shi kan levodopa, maganin da ke cike gurbin dofamin ɗin da ya yi ƙaranci, mai haɗe da carbidopa, ƙwaya mai miligiram 250, yana shan rabi sau uku a rana. Wajen shekara huɗu ya yi a haka lafiya lau, yana tuƙi, yana zuwa Legas sarin kaya.

Daga shekara ta bakwai da fara ciwon maganin ya fara sakinsa da wuri. Rabin ƙwayar da ke riƙe shi awa biyar ta koma awa uku, ta koma biyu. Idan ta kama shi sosai kuma sai wuya da kafaɗa su shiga murɗe-murɗen da ba shi ya sa su ba, har abokan ciniki na tambaya ko lafiya. Likita ya gwada dabaru da dama. Ya rarraba maganin zuwa rabin ƙwaya kowane awa biyu, sau takwas, wato miligiram 1,000 a rana. Ya ƙara pramipexole, maganin da ke kwaikwayon aikin dofamin. Ya gwada amantadine don murɗe-murɗen, ƙafafu suka kumbura aka janye. Ya rubuta entacapone, ya yi amfani, amma wata ɗaya a samu a kanti, wata biyu a rasa. Ya kuma ce a raba lokacin magani da lokacin cin nama, wake, ƙosai ko fura da nono, domin furotin yana gogayya da levodopa wajen shiga jini. Wannan ta ƙarshen ta taimaka, kuma ba ta ci ko kwabo ba.

Duk da haka, a shekara ta tara yana yin kusan awa shida a kowace rana a sanƙare. Ya daina zuwa masallacin Juma'a don tsoron kada ƙafa ta kafe masa a cikin cunkoso.

Tantancewa kafin tiyata

A nan ne likitan ya kawo maganar tiyatar dasa wayoyin lantarki a ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da DBS. Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak ne suka fara ta a birnin Grenoble na Faransa a 1987 don karkarwa, a 1993 kuma suka koma dasa wayar a wani ɗan gurbi mai suna STN, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don Parkinson mai nisa a 2002. Tiyatar ba ta kashe cutar, ba ta hana ta ci gaba. Tana aika bugun lantarki ne ba dare ba rana domin ya daidaita saƙon da ya rikice a hanyoyin motsi.

'Ya'yansa suka haɗa kuɗi, aka sayar da fili ɗaya, aka tafi Indiya. Can aka yi masa gwajin da ke raba wanda tiyatar za ta yi wa amfani da wanda ba za ta yi wa ba: aka hana shi magani tun dare, da safe aka auna motsinsa, sannan aka ba shi levodopa aka sake aunawa bayan awa guda. Ba magani ya samu maki 46 a ma'aunin motsi, inda yawan maki ke nufin tsananin ciwo. Da magani ya sauko 19. Ana son sauƙin ya kai aƙalla kashi 30 cikin ɗari, nasa ya kusa 60. Hoton MRI bai nuna wata matsala ba, gwajin tunani ma ya fita lafiya.

An gaya masa abu ɗaya ƙarara, ɗansa na fassarawa: duk abin da levodopa ke gyarawa a sa'arsa mafi kyau, shi tiyata za ta iya riƙe masa yini guda. Abin da maganin ba ya taɓawa, in ban da karkarwa, ita ma da wuya ta taɓa shi.

Ranar tiyata da makonni biyar na farko

Yana farke aka yi kashin farko. Aka ɗaure kansa da ƙarfe, aka kashe zafin fatar kai da allura, aka huda ƙoƙon kai wuri biyu, aka zura siraran wayoyi biyu masu kaurin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ɗaya hagu ɗaya dama. Ana gwada wuta ana sa shi ya buɗe hannu ya rufe, ya ƙirga. Kashi na biyu da allurar barci aka yi, inda aka bi da wayoyin ta bayan kunne da wuya a ƙarƙashin fata zuwa batirin da aka binne a ƙirji. Iyalin sun zaɓi batiri mai caji, wanda kan kai kamar shekara 15, saboda wanda ba ya caji yakan ƙare a shekara uku zuwa biyar, kuma kowane canji wata tafiya ce da wani kuɗi.

Kwana biyu ya yi yana ɗan ruɗewa da dare, ya warware. A rana ta uku karkarwar ta ɓace ɗungum alhali ba a ma kunna na'urar ba. Aka yi ta waya gida ana barka. Likitoci suka yi bayanin cewa ɗan kumburin da shigar waya ke jawowa ne yake kwaikwayon aikin na'ura, kuma yakan tafi cikin kwanaki ko makonni. An ji bayanin, amma farin ciki ya rufe shi.

A mako na uku aka kunna. Kowace waya tana da bakuna da dama da wuta ke fita, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya aka zaɓa. Aka saita bugu 130 a daƙiƙa, ƙarfin wuta ya fara daga miliamfa 1 ya kai 2 kafin sallama. Levodopa aka rage zuwa rabin ƙwaya sau biyar, aka ce pramipexole a ci gaba da shi tukuna. Aka ba su rimot mai iya ƙara wuta har zuwa 3, da saiti biyu na ajiya da aka sa wa A da B, da kati na nuna wa jami'an tsaro a filin jirgi. Aka ce su dawo bayan wata uku. A mako na biyar suka sauka Kano.

Wata na biyu zuwa na huɗu: inda abubuwa suka karkace

Abu uku suka faru kusan a jere.

Na farko daga Alhaji ne da kansa. Ganin yana tashi ba taimako, yana ɗaura maɓallin riga, ya ɗauka an rabu da ƙwayoyi. Ya ajiye pramipexole rana ɗaya, levodopa kuma ya mayar da shi rabi da safe rabi da yamma. Bai gaya wa kowa ba. Cikin kwana goma ya fara gumi da dare, ƙirji na bugawa, jiki na ciwo ko'ina, barci ya ƙaurace. Bayan haka sai wani irin sanyin jiki ya sauko masa. Zai zauna a falo tun hantsi har la'asar, rediyo a gefe bai kunna ba, yaran shago su zo da lissafi ya ce su ajiye. Bai ce yana baƙin ciki ba, bai yi kuka ba. Babu dai abin da ke ɗaga masa sha'awa. Baƙi suka daina daɗewa idan sun zo gaisuwa. Mutanen gida suka fara raɗe-raɗin ko an taɓa masa wani abu a kai lokacin aikin.

Na biyu daga babban ɗansa ne, wanda rimot ke hannunsa. Kumburin nan ya gama sacewa a daidai lokacin da magani ya ragu, karkarwar hannun dama ta dawo. Ɗan ya riƙa ƙara wutar wayar hagu, wadda ita ke kula da ɓangaren dama na jiki, har ya kai ta ƙarshen iyaka. Hannu ya tsaya. Amma gefen baki ya fara ja, harshe ya yi nauyi, magana ta koma ciki-ciki har sai an ce ya maimaita. Dalilin a bayyane yake ga mai sanin aikin: kusa da gurbin akwai jijiyoyin da ke sauka zuwa fuska da harshe, wuta in ta yi yawa sai ta malala ta same su. Su kuwa a gida sun ɗauka cutar ce ke ƙaruwa, don haka ba wanda ya yi tunanin ragewa.

Na uku ƙarami ne da ya so ya zama babba. Alhaji bai iya fita ba hula, kuma bakin hular yana zama daidai kan mahaɗar wayoyi a bayan kunne. Wanzaminsa na shekara da shekaru ya zo ya yi masa aski da aska, ya ɗan karce wurin. Bayan mako guda fatar ta yi ja ta ɗau zafi. Babbar 'yarsa ce ta matsa aka je asibiti a ranar. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka sa ido, ya warke bai kai ga waya ba. Da ya kai, yawanci sai an ciro na'urar ko wani sashe nata, a jira watanni, a sake dasawa. Daga ranar aka hana aska da ƙaho a kai da wuya, aski sai da kilifa, hula kuma mai laushi.

Komawa Indiya bayan wata uku ba ta yiwu ba. Kuɗin da aka tara na tiyata ne da masauki, ba wanda ya lissafa na komawa.

Wata na biyar da na shida: gyara

Uwargida ce ta karya lamarin. Ta raka Alhaji wajen likitan jijiyoyinsa na gida, wanda ba a koma wurinsa ba tun dawowa daga Indiya, wai aikin ya wuce hannunsa. Ta ce masa: "Likita, hannun ya daina rawa, amma wannan ba Alhaji ba ne." Ta kuma zazzage jakar magani a teburinsa. Da ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage ya gane watanni biyu ke nan ba a shan su yadda aka rubuta.

Ya yi musu bayanin cewa na'ura tana maye gurbin magani a wajen motsi, amma dofamin ba motsi kaɗai yake riƙewa ba, har da himma da sha'awar abubuwa. Magani irin pramipexole kuma idan aka yanke shi farat ɗaya yakan jawo gumi, fargaba da ciwon jiki. Ya mayar da levodopa rabi sau huɗu, ya dawo da pramipexole kaɗan. Ba shi da na'urar saiti ta likitoci, amma ya yi magana ta bidiyo da waɗanda suka yi aikin, suka sa aka rage wutar hagu daga 3 zuwa 2.2 ta rimot, mataki-mataki cikin kwana huɗu. Jan baki ya tafi a rana ta biyu. Karkarwa ta ɗan dawo, aka ce a bar ta haka.

Aka kafa dokoki uku a gidan. Rimot ya koma hannun 'yar, kuma ba a taɓa shi sai da izinin likita. Ba a canza wuta da magani a mako ɗaya, domin a san wanne ya yi me. Sannan aka sayi littafi ana rubuta kowace awa: magani ya kama, ya saki, ko akwai murɗe-murɗe. Duk Asabar a ɗauki bidiyon minti biyu yana tafiya, yana juyawa, yana karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, a tura ta WhatsApp.

Sanyin jikin bai tafi da sauri ba. Sai da aka yi kamar mako shida kafin wata safiya ya tambayi nawa dilar shadda ta kai.

A wata na shida suka koma Indiya na kwana goma, da gudummawar 'yan'uwa. Aka hana shi magani tun dare aka sake gwada kowane bakin waya daga farko, yanzu da kumburi ya tafi gaba ɗaya. Aka gano bakin da ke sama da wanda aka zaɓa tun farko a hagu yana tsayar da karkarwa da wuta kaɗan ba tare da taɓa harshe ba. Aka koma kansa a miliamfa 2.4, dama kuma 1.9. Aka rage iyakar rimot yadda ba zai wuce saitin da rabin miliamfa ba.

Wata na bakwai zuwa na goma sha biyu

Wata na takwas ya zo da firgici. Taransifomar unguwa ta ƙone, janareto ya lalace, cajar na'urar ita ma ta mutu, kowa ya zata wani ya yi masa caji. Wata asuba aka same shi ya kasa juyawa a gado, ya sanƙare fiye da kafin tiyata, magana ba ta fita. Aka fara shirin kai shi asibiti a kan shanyewar jiki. 'Yar ta ɗora rimot a ƙirjinsa ta ga batiri ya ƙare, na'urar ta kashe kanta. Aka yi cajin cajar a gidan maƙwabci mai sola, aka yi masa caji aka kunna, kafin azahar yana zaune. Wannan ba abin wasa ba ne: wanda ya daɗe da na'ura idan ta tsaya farat ɗaya yana iya shiga halin da sai an kwantar da shi a asibiti. Suka sayi ƙaramar sola don cajar kaɗai, aka tsayar da Litinin da Alhamis bayan isha'i ranakun caji.

Sauran watannin aikin yau da gobe ne. Likitan gashin jiki ya koya masa dogon taku da juyawa cikin da'ira maimakon a wuri ɗaya, aka kuma liƙa farin tef a ƙasa a bakin ƙofofi domin ido ya ba ƙafa abin tsallakewa. An gargaɗe su kada a yi masa gashi da na'urar ɗumama tsoka ta lantarki, domin tana iya zafafa wayar a cikin ƙwaƙwalwa, kuma duk hoton MRI sai an tuntuɓi masu na'urar. Don murya, ya riƙa karatun Alƙur'ani da ƙarfi minti ashirin kowace safiya, jikansa na zaune a ƙarshen tsakar gida yana ɗaga hannu in ya daina ji.

Ya ƙara kilo tara. Wannan sananne ne bayan irin wannan tiyata, tunda jikin da ke karkarwa da murɗewa yini guda ya daina ƙona abinci haka. Aka rage tuwon dare da lemon kwalba. Azumin shekarar bai yi ba bisa shawarar likita, ya ciyar.

Halin da yake ciki a wata na 18

Levodopa miligiram 500 a rana maimakon 1,000, da pramipexole kaɗan. Littafin gida ya nuna sanƙarewa kamar awa ɗaya a rana, yawanci da yamma, maimakon shida. Murɗe-murɗe sun kusa ɓacewa. Karkarwa takan leƙo idan ransa ya ɓaci. Yana barci har asuba. Yana zuwa shago daga safe zuwa azahar, ya koma sallar Juma'a, bai koma tuƙi ba. Muryarsa ta fi ta da rauni, kalma takan maƙale masa a tsakiyar zance, ƙafa kuma har yanzu takan kafe a ƙofa ko cikin taro. Ya faɗi sau biyu a wannan lokaci, ba karaya.

Abin da za a iya cewa

Zaɓen mara lafiyar daidai ne, kuma shi ne tushen duk abin da aka samu. Shekarunsa ba su ja sosai ba, tunaninsa garau, jikinsa na amsa levodopa, matsalarsa kuma ita ce hawa da saukar magani, wadda ita tiyatar ta fi iyawa. Sakamakonsa bai saɓa wa abin da aka sani ba. Binciken da aka yi a Jamus da Ostiriya kan marasa lafiya 156, aka wallafa a 2006, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi masu magani kaɗai jin daɗin rayuwa bayan wata shida. Rahoton Grenoble na 2003 kan mutum 49 da aka bi shekara biyar ya nuna sauƙin karkarwa da sanƙarewa yana ɗorewa, amma magana da daidaiton tsayuwa suna ci gaba da lalacewa tare da cutar. Muryar Alhaji da ƙafarsa suna kan wannan hanya, kuma bai kamata a ɗora wa iyalin fatan cewa wani saiti zai dawo da su yadda suke ba.

Watanni ukun da suka lalace ba laifin wuƙa ba ne, ba kuma laifin na'ura ba. An sallami mutum a lokacin da kumburi ke ɓoye ainihin halinsa, aka ba iyalinsa rimot mai faɗin iyaka, aka sa ranar dawowa da ba su da kuɗinta, kuma ba a haɗa likitan can da na gida ba kafin jirgi ya tashi. A ganina wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi. Likitan Kano bai taɓa na'urar ba, amma shi ya gano matsalar a zama ɗaya ta hanyar ƙirga ƙwayoyi, kuma da an je wurinsa a makon farko na dawowa da wuya a kai ga yanke pramipexole. Canjin bakin waya a wata na shida shi ma ba zai yiwu ta bidiyo ba, saboda haka kuɗin komawa aƙalla sau ɗaya cikin wata shidan farko ɓangare ne na kuɗin tiyatar, ya kamata a ware shi tun ranar da ake sayar da fili.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne na gaggawa. In waya ta tsinke ko caji ya ƙi shiga, mai na'urar dubawa yana wata ƙasa, biza kuma ba ta fitowa a kwana ɗaya. Likitan gida ya rubuta musu adadin levodopa da za a koma kai nan take idan na'urar ta tsaya, suna kuma ajiye maganin wata guda a gefe saboda haka.